Kwalin da Aka Kawo Shagona

'Ya'yana, ku ɗan matso, hayaƙin tsiren unguwar Birik ba zai hana ku jin maganata ba.

Kwanakin baya wani yaro ya shigo shagona yana raɗa, wai an ba shi saƙo ya kai Duwala, ladan aiken ya fi ɗinkin wata guda. Na ce ya buɗe kwalin. Ɗan biri ne, irin manyan nan masu kama da mutum. Ya ƙanƙame tsumman da aka shimfiɗa masa, yatsunsa kamar na jariri, har da farce. Na ce, "Ɗana, ina uwarsa?" Ya sunkuyar da kai. Uwar irin wannan ba ta sakin ɗanta sai an harbe ta, shi ma ya sani.

Wanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo a cikin irin waɗannan 'ya'yan birai, dajin Mefou ake kai shi, kudu da Yawunde, tafiyar da ba ta fi awa guda da 'yan mintoci ba. Ƙungiyar Ape Action Africa ce ke riƙe da wurin, ba ta gwamnati ba ce, ko da yake tare suke aiki. Tun 1996 ta fara, daga gidan namun daji na Mvog-Betsi. Na je Mefou da ƙafata. Na ga ƙato, magidanci, yana ba marayan gwaggon biri madara a kwalba, ya goya shi, har da jijjigawa. Na so in yi dariya, sai kunya ta kama ni.

Mu da muka fito daga arewa mun ga yadda abu ke ƙarewa. Iyayenmu sun san karkanda a dazukan Binuwai, amma a 2011 aka sanar cewa irin tamu ta ƙare ƙaf, ko ɗaya babu. Shekara ta zagayo, mahaya dawakai suka shiga dajin Bouba Ndjida suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure. Hauren nan kuwa ba tashi yake yi ba, wani ne ke ɗauka, galibi yaro mai neman kuɗin aure. In an kama, shi ke kwana a kurkuku, mai kayan yana gida yana shan shayi.

Don Allah, duk wanda ya ba ku saƙo, ku buɗe a gabansa.

Shi yaron, tare muka miƙa kwalin ga ma'aikatan gandun daji. Ga shi can kan keke yana koyon wuyan riga, har yau hannunsa bai faɗa ba.