Darasin Juma'a: Kalmar "Ni" da Maganar Wai Komai Ɗaya Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwa, a wannan makon da ma kan ƙabli da ba'adi muka yi alkawarin tsayawa, to amma wani abu ya gitta. Ranar Talata bayan sallar Lisha wani matashi daga cikin 'yan acaɓanmu ya tare ni a bakin ƙofa, ya miƙo mini wayarsa. Wani mutum ne sanye da fararen kaya yana magana da Turanci a hankali. Yaron ya fassara mini: wai kai ba jikinka ba ne, ba sunanka ba ne, ba tunaninka ba ne, kuma ranar da "ni" ɗinka ya faɗi za ka gane babu biyu, komai ɗaya ne, kai ne ma wannan Ɗayan. Sai ya ce, "Malam, ashe ba wannan ba ne fana'in da sufaye ke faɗa?" Har na buɗe baki zan ba shi amsa, sai ya ƙara da cewa abokin kwanansa wata biyu ke nan ba ya tashi Asuba, in an tashe shi sai ya ce shi ya riga ya kai. Wannan ce ta sa na ajiye ƙabli da ba'adi.

Maganar da ke cikin wayar daga Indiya ta fito, cikin addinin Hindu. Sunan koyarwar Adabaita, ma'anarsa "ba biyu ba". Babban malaminta shi ne Shankara, wanda ya rayu kimanin shekara 1200 da suka wuce, a kusa-kusan nan kuma akwai Ramana Maharshi da ya rasu a 1950, wanda yakan umarci almajiransa su yi ta tambayar kansu "wane ne ni?" Inda suke ƙarewa shi ne, ainihin mutum da Asalin halitta abu guda ne, rabuwar da muke gani ruɗi ce. A yi musu adalci, sun gano ciwo na gaske, domin ɗan Adam yana yawo da wani ɗan sarki a ƙirjinsa wanda ke wahalar da shi. Wurin magani ne muka raba hanya da su.

Rabin farko na maganar kuwa, ai babu wanda zai koya wa mazaunin Kurmi. A gida kai ɗan wane ne, jikan wane, in ka shigo gari ana gaishe ka da sunan gidanku. Da ka sauka daga tirela a Badun duk wannan ya tsaya a tasha. Mai digiri da mai tura baro a Bodija, duk sunansu ɗaya a bakin 'yan gari: Aboki, ko Malam. Na san ɗan sarauta da ke sayar da albasa a faranti. Wanda ya ɗanɗani wannan ya san suna riga ce, ana iya tuɓe wa mutum ita. Shi ya sa tambayar ke kama yaranmu da dare a shago, in an kashe janareto kowa ya yi shiru: to ni ɗin wane ne?

Mu fara da ciwon. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya ja kunne a cikin Zadul Ma'ad kan kalmomi uku: "ni", da "nawa", da "a wurina". Ya ce da su aka jarrabi mutum uku. Iblis da aka umarce shi ya yi sujada ga Annabi Adamu, ya ƙi, ya ce shi ya fi shi, kamar yadda ya zo a Suratul A'araf. Fir'auna ya yi tinƙaho da cewa mulkin Masar nasa ne, a Suratuz Zukhruf. Ƙaruna kuma, a Suratul Ƙasas, ya ce dukiyarsa saboda wani ilimi da ke wurinsa aka ba shi. Ku lura da Iblis. Bai ce babu Allah ba, ya san Shi, ya yi magana da Shi. Kalma ɗaya ce ta kai shi ƙasa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Jabir ɗan Abdullahi ya je wurin Manzon Allah (SAW) kan bashin da ake bin mahaifinsa, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Aka tambayi wane ne, ya amsa da "ni ne". Sai Annabi ya maimaita kalmar sau biyu, kamar bai ji daɗinta ba. Malamai sun ce ladabin sallama ake koyarwa a nan, mutum ya faɗi sunansa. Haka ne. Amma duk lokacin da na karanta hadisin sai in ji kalmar ta yi mini nauyi a baki.

Kada wani ya ɗauka ciwon na masu kuɗi ne da masu mulki kaɗai. Yana nan a sahun gaba. Mutum ya ba da gudummawar gyaran rufin masallaci, aka manta ba a kira sunansa a lasifika ba, sai ya yi sati uku yana salla a wani wuri. Wani an zaɓi ƙaninsa a kwamiti an bar shi, daga ranar babu abin da kwamitin zai yi ya yi daidai. Mu ma masu hawa mumbari ba mu tsira ba, wallahi. In aka ce wa'azin wane ya fi naka ratsa jiki, akwai abin da ke motsi a ciki, kuma ba kishin addini ba ne. Wannan ita ce nafsul ammara da Suratu Yusuf ta ambata, mai yawan umarni da mummuna. In bawa ya fara kama ta yana zargin kansa, ta koma lawwama ta Suratul Ƙiyama. In ta natsu da Ubangijinta, ita ce muɗma'inna da ake kira a ƙarshen Suratul Fajr. Ko a wannan matsayi na ƙarshe, kiran da ake yi mata shi ne ta koma ga Ubangijinta, ta shiga cikin bayinsa.

Akwai maganar da ta yaɗu a bakin mutane, cewa wanda ya san kansa ya san Ubangijinsa. Ba hadisi ba ne. Imamun Nawawi ya ce bai tabbata daga Annabi ba, wasu malamai kuma sun jingina ta ga Yahaya ɗan Mu'azu Arrazi. Ma'anarta dai tana da kyau in an fahimce ta, kuma 'yan kara za su fi kowa saurin ganewa. Dillali a Akinyele, shanu nawa ke ratsa hannunsa a wata? Shi ke ciniki, shi ke sallamawa, kuɗi na kwana a aljihunsa. Baƙon da bai san harka ba zai ɗauka attajiri ne. Amma shi ya san ko ƙaho ɗaya ba nasa ba ne, mai shanu yana Arewa yana jiran lissafi. Dillalin da ya san haka barcinsa lafiya. Ranar da ya fara jin dukiyar tasa ce, ranar ya fara lalacewa. To haka jinka da ganinka da ƙarfin damtsenka da numfashin da kake ja yanzu. Suratu Faɗir ta gaya wa mutane duka cewa su mabuƙata ne zuwa ga Allah, Shi kuwa Mawadaci ne. Wanda ya leƙa cikinsa da gaske, buƙata zai tarar tun daga sama har ƙasa, kuma buƙatar ce ke nuna masa Wanda ake buƙata. Dillali dai, kome amanarsa, ba ya wayar gari ya zama mai shanu.

Yanzu sai fana'i. Kunna tocilan wayarka da tsakar rana a tsakiyar kasuwa. Tana ci, batir na tafiya, amma ba ka ganin haskenta. Ba ta mutu ba, ba ta kuma zama rana ba. Abin da manyan sufaye ke nufi ke nan: ambaton Allah ya cika zuciya har bawa ya daina ganin kansa da aikinsa. Suna kafa hujja da hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa bawa ba zai gushe ba yana kusantar Allah da nafiloli har Allah ya so shi, in ya so shi sai ya zama jinsa da ganinsa da hannunsa da ƙafarsa. Masu cewa an zama ɗaya a nan suke tsayawa. Ku ƙarasa hadisin mana. Ci gabansa cewa ya yi in bawan ya roƙa za a ba shi, in ya nemi tsari za a tsare shi. Har a ƙololuwar kusanci akwai mai roƙo, akwai Wanda ake roƙa. Hanyar ma da aka bi aka isa can, farillai ne da nafiloli.

Gaskiya ne wasu sun faɗi kalmomi masu nauyi a cikin wannan hali. Hallaju ya furta abin da aka fahimta da cewa yana kiran kansa da sunan Allah, an kuma kashe shi a Bagadaza a shekarar 922 Miladiyya, cikin shari'ar da siyasar fada ta shiga ciki sosai. Junaidu, shugaban sufayen Bagadaza a wancan zamani, koyarwarsa ita ce farfaɗowa ta fi maye, wato cikar bawa ita ce ya dawo hayyacinsa ya tsaya kan shari'a. Imamul Gazali a Mishkatul Anwar ya bayyana cewa irin waɗannan kalmomi na masu maye ne, in hankali ya dawo sai mai su ya gane kama da haɗuwa ce, ba haɗuwa ba.

Sai Ibnu Arabi, haifaffen Andalus a 1165, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240. Shi ake jingina wa wahdatul wujud, ko da yake waɗanda suka zo bayansa ne suka yayata wannan suna. Masu kare shi sun ce nufinsa samuwa ta haƙiƙa ta Allah ce kaɗai, tamu aro ce. Ibnu Taimiyya ya yi masa raddi mai zafi, ya ce maganar na rushe katangar da ke tsakanin Mahalicci da halitta. Daga baya Shehu Ahmad Sirhindi na Indiya, wanda ya rasu a 1624, ya ce ɗayantakar a gani take, wahdatush shuhud: mai tafiya ne ya daina ganin kowa sai Allah, halitta kuwa tana nan a matsayinta. Shi da ya zauna a ƙasar da ake koyar da Adabaita, ya san inda santsin yake. A ƙasarmu ma an yi masu zurfi a wannan fanni, irin su Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1864. Amma a gidan da ya tashi, sai yaro ya ƙoshi da tauhidi da fiƙihu kafin a buɗe masa wannan ƙofa. Yau kuwa bidiyon minti uku ke buɗe ta, ga yaron da bai sauke Ahalari ba.

Na san a sahunmu akwai 'yan ɗariƙa, akwai 'yan Izala, kuma ba za mu warware saɓanin shekara ɗari bakwai a takarda ɗaya ba. Amma kan abokin yaron nan babu saɓani. Duk mun ji irin kalaman da ake jingina wa waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa, mun kuma ji shehunan ɗariƙa da kansu sun barranta daga gare su. An taɓa gaya wa Junaidu cewa wasu na cewa masu sanin Allah suna kaiwa inda ayyuka ke sauka daga kansu. Ƙushairi ya kawo amsarsa a Risalarsa: ɓarawo da mazinaci sun fi mai wannan magana kyan hali.

Dalili kuwa a fili yake. Wane ne ke cewa "na kai"? Ai "ni" ɗin nan ne dai, wanda aka ce ya mutu. An kore shi ta ƙofar kasuwa ya zagayo ta ƙofar zawiya, ya naɗa rawani. Da yana cewa na fi wane kuɗi, yanzu yana cewa na wuce salla. Fir'auna ma da ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka, a Suratun Nazi'at, bai wuce nan ba. Wanda babu wanda ya kai shi kusanci, Annabi (SAW), yakan tsaya da dare har ƙafafunsa su kumbura, da aka yi masa magana sai ya nuna yana son ya zama bawa mai godiya ne. A daren Isra'i, daren da aka ɗaukaka shi, da sunan bawa Alƙur'ani ya ambace shi. Ƙarshen Suratul Hijr kuma ya umarce shi da bauta har yaƙini ya zo masa, malaman tafsiri sun ce yaƙini a nan mutuwa ce.

In kana son sanin ko nafsin mutum ya fara laushi, kada ka tambaye shi me ya gani a halwa. Dubi mudunsa. Dubi yadda yake amsa wayar mai binsa bashi, da ko yana aika wa iyalinsa na cefane a gida ba sai an yi ta kira ba. Dubi fuskarsa in fasinja ya zage shi da yaren da ya zaci ba ya ji.

Abin da na ce wa yaron nan, shi nake ce wa duk mai irin wannan aboki. Kada ka kai sunansa majalisa, kada kuma ka yi saurin kiransa kafiri, hukunci irin wannan ba na ɗakin samari ba ne. Yaro ne mai ƙishirwa da ya sha daga inda ya samu, nesa da iyayensa. Ka ci gaba da taɓa ƙafarsa da Asuba ko zai yi tsaki, ka kuma jawo shi mu zauna mu uku, ina nan kullum tsakanin Magariba da Lisha. Shi kansa mai tambayar na ba shi aiki na kwana arba'in: kowace rana ya yi alheri ɗaya wanda babu mahalukin da zai sani, ko ɗaukar tsohuwa kyauta, ko wanke bayin masallaci kafin kowa ya zo, sa'annan ya lura da yadda bakinsa zai riƙa ƙaiƙayi yana son ya ba da labari. Ya yi dariya ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Na ce to, mu haɗu bayan arba'in ɗin.

Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan ƙabli da ba'adi, a zo da Ahalari. Wallahu a'alam.