Kafin Ka Sayi Fom ɗin Digiri na Biyu

Idan kai ɗalibi ne a Tudun Fulani mai son nazarin tunanin siyasa na ƙarni na 15 zuwa na 18, jami'ar da ke kusa da kai a Bosso ta fasaha ce; ka nufi Ahmadu Bello a Zariya ko Bayero a Kano.

Amma ka fara gyara Larabcinka. Kowa zai ambata maka Machiavelli da littafinsa na 1513, alhali al-Maghili ya riga shi rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki da Larabci. Kwatanta su biyun aiki ne mai tsoka, sai dai fassara kaɗai ba za ta ishe ka ba. Ka leƙa Gidan Arewa a Kaduna don rubutattun littattafan hannu, sannan ka samo malamin da zai duba aikinka tun kafin ka biya kuɗi.