GORO, SHAYI DA GAHAWA: ABIN DA SU KE YI A JIKINKA

An rubuta wannan takarda domin kai da iyalinka, ko kana Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ko wani ƙauye na kewaye. In ka gama karantawa, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba, tun ba matan gida ba, gama akwai maganar da ta fi shafarsu a ciki.

Ba wanda zai ce maka ka bar goro. Da shi a ke ɗaurin aure, da shi a ke suna, da shi a ke gai da manya, tun zamanin da fatake su ke zuwa Gwanja da jakuna. Shayi kuwa ya zama karin kumallon mutane da yawa. Gahawa, watau garin nan da mai shayi ya ke barbaɗa maka in ka ce a sa Nescafé, ita ma ta shigo. To, ukun nan abu guda ne a cikinsu. Likitoci suna kiransa kafeyin. Wani Bajamushe, Runge, shi ya fara tace shi daga ƙwayar gahawa a 1819. Yana cikin lemon kwalba baƙi, yana kuma cikin abin shan gwangwani da samari su ke sha wai don ƙarin ƙarfi. Jikinka bai san bambancinsu ba. Duk wanda ka ci ko ka sha, sai ya haɗa su wuri ɗaya ya lissafta.

YADDA YA KE AIKI

Tun da ka farka da asuba, akwai wani abu da ya ke taruwa a ƙwaƙwalwarka kaɗan kaɗan. Shi ne ya ke gaya maka ka gaji, lokacin barci ya yi. Kafeyin ba ya kawar da abin nan, sai dai ya tare masa hanya. Watau gajiyar tana nan, kai ne ba ka jinta. Kamar mai bashi ne ya zo, yaro ya ce masa ba ka gida. Bashin bai biya kansa ba.

Bayan rabin sa'a ko sa'a ɗaya da sha, aikinsa ya kan kai ƙarshen ƙarfi. Zuciya ta ƙara sauri, ido ya buɗe, yunwa ta lafa. Amma fitarsa daga jiki ba ta da sauri. Sai an yi kamar sa'a 5 rabinsa ya ke fita. Shayin da ka sha da la'asar, rabin ƙarfinsa yana cikin jininka bayan sallar lisha. Shi ya sa za ka ga mutum yana juyi a kan tabarma har zakara ya yi cara, yana cewa tunanin duniya ne ya hana shi barci, alhali kuwa goron da ya ɓara bayan magariba ne.

NAWA NE YA YI YAWA?

Ana auna kafeyin da miligiram. A 2015 hukumar da ke duba abinci a ƙasashen Turai ta ce baligi mai lafiya ba ya cutuwa in bai wuce 400 a yini ba. Kofin shayi ɗaya yana da kamar 50. Ƙaramin cokali na Nescafé kamar 60. Lemon kwalba baƙi kamar 35. Gwangwanin ƙarin ƙarfi ƙarami 80. Goro kuwa ya danganta ga girmansa, amma babba ɗaya ya kan kai 100 ko fi.

Bari mu yi lissafi da ranar Alhamis, ran kasuwar Maigatari. Mutum ya tsaya wurin mai shayi da sassafe, ya sha shayi da Nescafé a ciki: 110 ke nan. Ya shiga kara, ana ciniki ana ɓara goro, kafin azahar ya ci uku. Ya riga ya wuce 400. Rana ta yi zafi, ya sayi lemo. Da dare ya zauna da baƙi daga Nijar, aka ɗora shayin Buzaye mai kauri, aka zagaya sau uku. In ka tambaye shi, sai ya ce ai shi bai sha komai ba, kofi ɗaya ne da safe.

Alamun yawansa ba su ɓuya: rawar hannu, faɗuwar gaba, saurin fushi, yawan fitsari, zafin ƙirji, da rashin barci.

Kada kuma a ce abin duk sharri ne. Masu bincike sun ga masu shan gahawa daidai-wa-daida ba su cika kamuwa da ciwon sukari da wasu cututtukan hanta kamar waɗanda ba su sha ba. Amma gahawar da su ke nufi ba irin tamu ba ce mai sukari cokali huɗu da madara. A rage sukari. A kuma bar shayi ya huce kaɗan, gama a 2016 masana ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya sun yi gargaɗi cewa yawan kurɓar abu mai tsananin zafi yana iya ɓata maƙoshi.

UWAR GIDA, WANNAN NAKI NE

In kina da ciki, awonki rabin na mai gida ne, watau 200 a yini. Dalili kuwa, jikin mai ciki ba ya fitar da kafeyin da wuri. A watannin ƙarshe ya kan ɗauki ninki biyu ko uku na lokacin da ya saba. Yana kuma ratsa mahaifa ya kai ga ɗan da ke ciki, shi kuwa hantarsa ba ta isa ta kawar da shi ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu ciki da su ke wuce 300 a yini su rage, domin gudun ɓari da haihuwar jariri marar nauyi.

Mun san laulayi ya kan sa mace ta riƙa tauna goro don tashin zuciya da yawan miyau. Ɓari ɗaya ba laifi. Amma a wuni ana ci, sa'an nan abinci ya ƙi shiga, wannan ya zama cuta biyu.

Ga wani abu da mata da yawa ba su sani ba. Shayi da gahawa suna hana jiki ɗaukar abin da ke ƙara jini daga abinci. Saboda haka kada ki haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da a ke ba ki wurin awo da shayi. Ki sha ta da ruwa. In za ki sha shayi, ki bari a yi sa'a ɗaya ko biyu bayan cin tuwo ko shan ƙwayar.

Mai shayarwa kuma, kaɗan daga abin da kika sha yana zuwa cikin nono. Jariri sabon haihuwa ya kan yi kwanaki bai fitar da shi ba. In yana yawan kuka ba ya barci, kafin ki nemi wani magani, ki duba goronki da shayinki.

Yara ƙanana ba su da bukatarsa ko kaɗan. A ba su kunu, ko koko, ko madara.

WAƊANDA ZA SU YI HATTARA

Mai hawan jini ya sani kafeyin yana ɗaga jini na ɗan lokaci. Ran da za a auna ka, kada ka ci goro ko ka sha shayi rabin sa'a kafin awo, don kada malamin asibiti ya sami lissafin da ba naka ba. Mai gyambon ciki kuwa, ba goro ne ya kawo masa ciwon ba, amma cinsa da cikin wofi yana tayar da shi.

Direba mai bin hanyar Kano zuwa Gumel da dare, shayi zai riƙe ka na ɗan lokaci, sa'an nan barci ya sace ka ba sallama. In ido ya yi nauyi, ka tsaya gefen hanya ka runtsa. Kuma ko kusa kada ka yarda a jefa maka ƙwaya irin su tramadol a cikin shayi. Tana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, tana kuma kisa.

IN ZA KA RAGE

Kada ka yanke gaba ɗaya. Wanda ya saba, in ya bari rana tsaka, ciwon kai ya kan kama shi cikin sa'a 12 zuwa 24, da kasala da ƙunci, har kwana 2 zuwa 9. Shi ne ciwon kan da mutane da yawa su ke ji a kwanakin farko na azumi. Ka fara ragewa tun tsakiyar Sha'aban. Mai cin goro huɗu ya koma uku mako guda, sa'an nan biyu. Na yamma za ka fara bari, na safe ya zama na ƙarshe. Ka ce wa mai shayi ya tsame ganyen da wuri.

In ka rage amma har yanzu zuciya tana bugawa ba daidai ba, ko kana jin ciwon ƙirji, ko numfashi yana yi maka wuya, ko kashinka ya yi baƙi kamar kwalta, to ba maganar goro ba ce kuma. Ka tafi ɗakin shan magani mafi kusa ran nan, ko babban asibitin Gumel, ka gaya wa likita duk abin da ka ke ci da sha a yini, har da goron.