Darasi: Hannun da ya Gaji Shi ke Ɗauko Sarƙa

Darasinmu na wannan wata ya shafi mutane biyu da ba mu cika haɗa su cikin zance ɗaya ba: mai taɓin hankali, da ma'aikacin asibiti mai lura da marasa lafiya. Nufinmu mu nuna cewa ba za a kwance na farko daga sarƙa ba muddin an bar na biyu ya galabaita shi kaɗai.

1. Nauyin da ke kan ma'aikaci

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai ta kama da wuta a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja. Fiye da mutum 150 suka rasu, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da sauransu. Dukanmu mun yi juyayin matattu. Amma mu nawa ne muka tuna da ma'aikatan jinyar da suka kwana suna wanke ƙuna, gari ya waye suka ci gaba da aiki? Kafin wannan, sun sha fama da ambaliyar Kogin Haɗeja a 2020 da 2022, da annobar amai da gudawa a 2021. A ƙauyukan Kaugama da Auyo da Malam Madori, sau da yawa malamin asibiti ɗaya shi ne likita, shi ne mai ba da magani, shi ake tasa da tsakar dare.

Jiki magayi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da wahalar aiki mai tsawo ke jawowa, ta ba ta alamu uku: ƙarewar ƙarfi, janyewar zuciya daga aikin, da raguwar ƙwazo. Wanda ya kai wannan hali yakan rasa barci, ya riƙa saurin fushi, ya fara ganin majinyaci kamar kaya. Kunya kuma takan hana shi faɗa, domin mutane za su ce, yaya mai magani zai nemi magani?

2. Inda sarƙa take fitowa

Mun san turu, mun san mari. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ana ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sassan Najeriya da dama: a asibitocin gwamnati, a gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addu'a na Kirista da na Musulmi. Ashe babu mai nuna wa wani yatsa.

Ba kullum mugunta ce ke kawo wannan ba. Uwa takan ɗaure ɗanta don tsoron kada ya faɗa ruwa da damina alhali kowa yana gona, asibitin ƙwaƙwalwa kuwa sai an je Kazaure ko Dawanau ta Kano. Ma'aikacin da aka bar wa ɗaki cike da majinyata shi ma yakan koma ga igiya da tsawa. Sarƙa kayan aikin wanda ya gaji ne, wanda kuma ya rasa mataimaki. Duk da haka tana raunata ƙafa, tana ƙara firgita, tana zubar da mutuncin ɗan Adam, ba ta kuwa taɓa warkar da kowa ba.

3. Waɗanda suka nuna wata hanya

Wajen 1539 aka kulle Waliyyi Yohanna na Allah a asibitin birnin Garanada ta ƙasar Sifen, aka yi masa bulala da sunan magani. Da ya fito ya buɗe gidan jinya inda ake karɓar marar lafiya da daraja. A ƙarshen ƙarni na 18, likita Filib Pinel da abokin aikinsa Pussin suka kawar da sarƙa a manyan asibitocin birnin Paris.

A ƙasarmu, a 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Majinyaci yakan sauka a gidan mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana. Mu lura da hikimar: an raba nauyin tsakanin likita da dangi da mutanen gari, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa, ta hana azabtar da shi. Sai dai doka takarda ce. Mutane ne za su zama hannuwanta, kuma mutanen suna bukatar hutu, albashi a kan kari, da wanda zai saurare su.

4. Abin da ya rage gare mu

Na farko, mu riƙa gaida ma'aikatan lafiya da ke cikinmu da tambaya ta gaskiya, mu kuma bar su su huta ranar hutunsu. Na biyu, ma'aikacin da ya ga alamun nan a jikinsa ya nemi likita ba tare da jin kunya ba. Wanda aka gaya wa kuma ya riƙe amana. Na uku, inda akwai mai taɓin hankali, maƙwabta da zumuntar mata da ta matasa su karɓi zaman jinya bi da bi, a haɗa kuɗin mota zuwa asibiti, a tabbata bai yanke shan magani ba. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Tambayoyi don nazari

1. Akwai wanda ke ɗaure a unguwarmu? Me ya kai danginsa ga haka?
2. Wane ma'aikacin lafiya za mu ziyarta kafin ranar 10 ga Oktoba, Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya?