Ina Kuɗin Wutar Gonarka Ke Tafiya? Auna Kafin Ka Rage



Yau darasinmu a kan wuta ne. Duk mai kiwo yana lissafin buhun abinci da allurar rigakafi har zuwa kwabo, amma ka tambaye shi yunit nawa ɗakin 'yan tsakinsa ke sha a rana, sai ya ce "ai kati kawai nake sa wa." Nan riba ke zurarewa. Mu a nan Baure, wanda ke da layin KEDCO ma sai ya haɗa da janareta ko sola, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda lita ta koma.

Mu fara da lissafin, ba shi da wuya. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Duba jikin kayan ka ga wat nawa aka rubuta, ka ninka da awannin da yake aiki, ka raba da 1,000.

Misali, ka kawo 'yan tsaki a hunturu, ka rataya musu ƙwan fitila mai zafi na wat 200 guda huɗu, dare da rana. Wat 800 sau awa 24, yunit 19.2 ke nan a kullum. A sati biyu ka sha kusan yunit 269. A farashin naira 225 da hukumar NERC ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan ya haura naira 60,000. Rukuninka zai iya zama ƙasa da haka, don haka ka duba farashin da ke kan rasit ɗinka ka ninka da shi. Idan kuwa janareta ne ke ɗauke da wannan nauyi, to abin ya fi haka ciwo.

Na'urar awo ta farko tana gidanka tuntuni, ita ce mitar kati. Rubuta adadin yunit da ta nuna da magariba, ka sake dubawa da asuba. Washegari ka kashe abu ɗaya, kamar firiza, ka sake gwadawa. Bambancin shi ne abin da firizar ke ci. Akwai kuma 'yar jar fitila da ke ƙyaftawa a jikin mitar: in ka kunna abu ka ga ta kama ƙyaftawa da sauri, to ka kama ɓarawon.

Ta biyu ita ce 'yar mitar soket. Kana soka ta a bango, ka jona kayan a jikinta, ta nuna maka wat ɗin da yake ja a lokacin da jimillar yunit. Ana samunta wurin masu kayan wuta a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kuma guda ɗaya ta ishi mutum uku su yi karo-karo su riƙa karɓa-karɓa. Ni da ita nake auna injin ƙyanƙyasa da firiza. Sai dai a kula, kada a jona mata babban injin ruwa sai an duba iyakar ƙarfinta, domin injin yakan fizgi wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi. Wannan aikin mai gyaran wuta ne da tasa na'urar mai kama waya.

Abin da awo zai nuna maka kusan kullum ɗaya ne: abin da ke ba da zafi da abin da ke jan ruwa su ne masu cin wuta. Fitilar gani da cajin waya ba su kai a yi musu faɗa ba.

To ya za a yi da ɗumin 'yan tsaki? Nan nake so a saurare ni da kyau. Ba a rage kuɗin wuta ta hanyar hana ɗan tsako ɗumi. A satin farko yana buƙatar zafi tsakanin digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa rage kamar digiri 3 duk sati. Ka kashe masa wuta a daren Janairu, da safe ka tarar sun danne juna a lungu, asarar ta fi ta katin. Abin yi shi ne ka sa na'urar daidaita zafi, irin STC-1000 da masu haɗa injin ƙyanƙyasa ke amfani da ita. Zafi ya kai inda ka saita ta yanke, ya sauka ta mayar. Da rana tsaka a yankinmu, sau da yawa ɗakin ba ya buƙatar ƙari ko kaɗan, amma ƙwan yana nan yana ci. Ka bar musu ƙaramin ƙwan LED daban wanda ba ya mutuwa, don su ga abinci da ruwa. Ka kuma rufe tagogi da buhu ta ɓangaren da iskar hunturu ke bugowa, ka bar kafar shan iska ta sama. Mai amfani da kaskon garwashi, wannan kafar wajibi ce gare shi, domin iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kisa, kaji da mutum duka.

Masu kajin ƙwai, naku mai sauƙi ne. Kaza na son hasken kusan awa 16 a rana, rana ta ba ku kusan 12 kyauta. Ƙwan LED na wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai na wat 60. Ku haɗa shi da soket mai agogo ya cika awa huɗun ya kashe kansa, ba sai fitila ta kwana a kunne ba.

Sai masu kifi. Injin ruwa mai ƙarfin doki ɗaya yana shan wajen yunit ɗaya duk awa. Nawa ne cikinmu ke kunna shi ya tafi kasuwa, tanki ya cika ya yi ta ambaliya? Makunni mai tasowa a kan ruwa, wanda ke kashe injin da zarar tanki ya cika, shi ne maganin wannan. Mai sola kuma ya ja ruwansa tsakanin hantsi da azahar, lokacin da rana ke da ƙarfi, ya bar batir ya huta don aikin dare. Wani abin kuma, babbar tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, don haka ba lallai injin hura iska ya kwana yana aiki a tankinta ba muddin ana canja ruwa a kan kari kuma ba a cunkusa su ba. Karfasa da ƙananan 'ya'yan kifi kam, kada a gwada wannan da su.

Aikin wannan satin: kowa ya sami littafi, ya rubuta lambar mitarsa safe da yamma na kwana bakwai. Mai janareta ya rubuta litar da ya zuba da awannin da ta ɗauke shi. A darasi na gaba za mu raba wannan kuɗi a kan kowace kaza da kowane kilo na kifi, in sha Allahu.