Yadda Ake Gano Matsala Idan Uwar Garke Ta Ƙi Amsawa Daga Nesa

'Yan uwana ɗalibai, uwar garke ita ce kwamfutar da ke ajiye bayanai tana rarraba wa sauran kwamfutoci, kamar wadda ke ɗauke da shafin rajistar ɗalibai. Mai kula da ita yakan duba lafiyarta daga nesa. To, idan ya yi sallama bai ji amsa ba fa? A wannan darasi zan kawo matakai huɗu, bi da bi.

Na farko, a tabbatar akwai hanya. Ana yin haka da umarnin ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a Amurka a 1983. Yana aika ɗan saƙo, ya jira amsa. Sai dai shiru ba ya nufin mutuwa, domin katangar tsaro takan tare irin wannan saƙo.

Na biyu, a rarrabe suna da lamba. Tsarin DNS ne ke fassara sunan kwamfuta zuwa lambar adireshinta. Idan lamba ta amsa amma suna ya ƙi, laifin na tafinta ne.

Na uku, a duba ƙofa. Kowace hidima da lambar ƙofarta: SSH 22, Remote Desktop na Windows 3389, SNMP kuwa, wanda manhajojin sa ido ke amfani da shi, 161. Gida na iya zama da mutane amma ƙofar da aka nufa a rufe.

Na huɗu, a karanta saƙon kuskure da idon ɗalibin harshe. “Connection timed out” na nufin an jira, babu wanda ya tanka, sai a bincika hanya ko katanga. “Connection refused” yawanci na nufin injin yana aiki, amma babu manhajar da ke sauraro a wannan ƙofa. “Permission denied” kuwa an isa ƙofa, shaidar shiga ce aka ƙi, wato kalmar sirri ko mabuɗi.

Shawarata ita ce kada a yi saurin kashe uwar garke a sake kunna ta kafin a bi waɗannan matakai. Idan lafiyarta ƙalau, an katse masu rajista a banza, kuma abin da ba su adana ba na iya salwanta. Sannu ba ta hana zuwa.