Jama'a, A Yi Hattara Da Ƙara

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ke tunatar da mutane kan lafiyar kunne. A rahotonta na 2021 ta ce sama da mutum biliyan 1.5 na da raunin ji, kuma matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗari saboda irin ƙarar da suke saurare. Ji kuwa amana ce da Allah Ya ba ɗan Adam, za a kuma tambaye shi yadda ya riƙe ta.

Can cikin kunne akwai wani ƙoƙo mai siffar dodon koɗi, cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, wajen 15,000, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Misalinsu kamar shukar gero ce da ta fara tasowa. In garke ya ratsa ta sau ɗaya sai ta kwanta, raɓa ta sauka da dare, da safe ta miƙe. In ya sake ratsawa, wasu su tashi, wasu su karye. Amma in shanu suka mai da wurin hanyarsu safe da yamma, gona ta zama burtali ke nan, ko damina ta kankama ba abin da zai tsiro. Tun 1988 masana suka gano cewa tsuntsaye na sake tsirar da waɗannan ƙwayoyi in sun lalace. Mutum kuwa, wadda ta mutu ta mutu.

Ana auna ƙara da ma'aunin desibel. Hukumar ta ce baligi zai iya jure ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako. In ta kai 90, awa 4 ce kawai. In ta kai 100, minti 20. To, ku dubi mai injin niƙa da ke tsaye kan inji daga hantsi har magariba, gari ya rufe masa gira, ba ko auduga a kunnensa. Ku dubi yarinyar da uwa ke turawa kai niƙa da ƙaninta goye a baya. Ga janareta a bakin taga, ga lasifikar biki da ake zaunar da yara a gindinta, ga saurayi da ya toshe kunnuwa da abin jin waƙa har na kusa da shi na jin kiɗan. Wannan sakaci ne, kada wanda ya ce ƙaddara ce! Duk wanda ya bar wuri yana jin kunnensa na kuka, wani shuuu ba tsayawa, to ɓarna ta soma.

Akwai sauran sanadi: sanƙarau, ƙyanda, hangum, kunne mai zubar da mugunya da aka ƙyale, allurar jentamaisin ba da izinin likita ba, da sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza. Kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata.

A 2024 likitoci a Shanghai ta ƙasar Sin sun sanar cewa sun maido da ji ga yara 5 cikin 6 da aka haifa kurame, ta hanyar gyara ƙwayar gado. Alhamdu lillahi. Sai dai wannan magani na wata irin kurumta ce ta gado, bai shafi wadda ƙara ta jawo ba.

Iyaye, ku kai yara rigakafi, ku nisanta su da lasifika. Masu injuna, ku nemi abin toshe kunne. Wanda kuma ya ga sai an maimaita masa magana sau biyu kafin ya ji, ya je asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a auna shi.